Tsohuwa ta Bakin Ƙofa

Tun ranar da Baba ya faɗi a falo, Auta ta ɗaura gaba da ƙasan gidansu.

Bututun ruwa ne ya tsage a ƙarƙashin kicin. Bai yi wa kowa sallama ba, ya yi ta tsiyaya a ɓoye har ruwan ya bi ta ƙarƙashin katakon da aka shimfiɗe falon da shi. Katako ya sha ya ƙoshi, ya kumbura, wasu suka ɗaga baki. Baba kuwa ya daina ɗaga ƙafa, jan ta yake yi a ƙasa. Takalminsa ya harɗe da bakin wani, ya tafi gaba ɗaya, goshinsa ya sami kusurwar tebur. Auta tana ɗakin ɗinki ta ji timm. Ta fito da almakashi a hannu, ta tarar da mahaifinta zaune cikin jini yana tambayar wa ya bar kaya a hanya.

A asibiti aka ɗinke goshin. Likita ya ja ta gefe ya ce wannan karon an yi sa'a, amma a shekarun Baba in ƙugu ne ya karye, da wuya ya sake miƙewa. Maganar nan ta tsaya mata a ƙirji, ko ruwa take sha sai ta tuna da ita.

Kuma ba faɗuwa ce kaɗai abin tsoronta ba. Baba tsohon bakanike ne, irin mutanen nan da ba sa iya ganin abu a kwance su wuce. A zamaninsa in ya zo gidanka gaisuwa, kafin a kawo masa ruwa ya gama gyara maka marfin taga. Yanzu ƙwaƙwalwar ta fara zubewa. Sunan Auta ya daɗe da ɓace masa, 'yar nan yake ce mata, wata rana ma baiwar Allah. Mama ta rasu, Yaya yana can ƙarshen gari da nasa iyalin, shi ya sa Auta da mijinta Dogo suka tattara suka dawo gidan da aka haife ta. Dogo yana fita kantin magani tun safe. Wuni guda daga ita sai Baba sai keken ɗinkinta a ɗakin baya.

Kai ya tafi amma hannu bai tafi ba, nan matsalar take. Da rana ta ɗan karkata sai Baba ya tuna ya makara zuwa gareji, garejin da aka rushe tun kafin aurenta, ya nufi ƙofa. Layinsu kuwa gajere ne, ƙarshensa babban titi ne inda manyan motoci ke wucewa ba sa duban kowa. Suka kulle ƙofa suka ɓoye makulli. Baba ya sa bayan cokali ya kwance kubar gaba ɗaya, ya jera ƙarafunanta a kan tebur, ƙanana gefe manya gefe. Suka sa sakata can sama, Auta ta fito ta gan shi a kan kujera yana miƙa hannu, saura kaɗan ranta ya fita. Suka rataya ƙararrawa. Ya ciro ta ya cusa mata tsumma, ya ce duk abin da ke ƙara alamar lalacewa ce.

Duk da haka bai taɓa kaiwa titi ba. Duk sanda ya kama hanyar fita, ko da keke na ruri, sai Auta ta ji ƙafarta ta tsaya da kanta, ta miƙe, ta tarar da shi da hannu a kan ƙofa. Sai ta ce masa, “Baba, yau ba aiki, an ba da hutu,” ta juyo da shi.

“Jikina ne ke ba ni,” haka take faɗa wa duk wanda ya tambaya, da ɗan alfaharinta.

“Ke dai kina da ido a ƙeya,” in ji Dogo. “Shi ya sa ko nama na daina sata a tukunya.”

Da aka gyara bututu, suka kira kafinta ya zo ya duba falon. Wani gajere ne mai yawan surutu, da fensir a bayan kunne. Yana sa ƙafa cikin gidan, sai katakon ƙasa ya ce ƙiiiƙ. Ya ja da baya yana duba ƙarƙashin takalminsa.

“Af! Wannan fa?”

“Tsohuwa ce,” in ji Dogo. “Sannu da zuwa take maka.”

Katakon farko ne daga bakin ƙofa, mai kuka irin na tsohuwa mai ciwon baya, shi ne suka sa masa wannan suna tun Auta na ƙarama. Mama ta yi mita a kansa har ta gaji. Takan ce mutumin da ke gyara wa gari duka ya kasa katako ɗaya a gidansa. Baba sai ya ce gobe, goben kuma ba ta taɓa zuwa ba. Auta ta tsani Tsohuwa. Lokacin 'yanmatanci in ta so sulalewa gidan ƙawa, ita ce ke tona mata asiri. Dole ta koyi tsallake ta, har yau kuma ƙafarta tsallakewa take yi ba tare da ta sani ba.

Kafinta ya zaga falon yana ƙwanƙwasawa yana girgiza kai. Ya ce ƙasan ya tashi daga aiki, sai dai a kwashe duka. Sannan ya zaro guntaye biyu daga jakarsa ya ajiye a kan tebur.

“To, ga zaɓi, Uwargida. Wannan katako ne zalla, daga sama har ƙasa ice ɗaya, irin naku na da. A kan sanduna ake buga shi da ƙusa. In ya tsufa a kankare fuskar ya dawo sabo, jikokinku ma sai sun kankara sun bar wa na baya. Amma fa rai gare shi. Ya ji danshi ya kumbura, ya ji zafi ya tsuke. Wata rana ya buɗe baki, wata rana ya yi magana.”

Ya ɗauki na biyun ya juyo gefensa.

“Wannan kuwa na haɗi ne. Kin ga falle-falle? A masana'anta aka manna su, wannan a tsaye wannan a gicciye, kowa ya riƙe ɗan'uwansa, aka ɗora musu fuskar ice mai kyau a sama. Gam ake shafawa a manne shi da siminti. Ba ya motsi. Aibinsa ɗaya, fuskar siririya ce, kankara ɗaya ko biyu ta ƙare.”

Dogo ya ɗauki zallan yana auna nauyinsa a tafin hannu, har da sunsunawa. Ya ce shi dai wannan ya kwanta masa. Baba da hannunsa ya shimfiɗa na da, in aka mayar masa da irinsa zai fi sanin gidansa.

Auta ba ta kalli guntayen ba. Idonta yana kan wurin da Baba ya faɗi, inda bakin katakon ke nan a ɗage har yanzu.

“Malam, in bututu ya sake fashewa fa?”

“Ruwa dai ba ya ƙyale kowa, Uwargida. Amma zalla ne ke fara ɗaga baki.”

“Wanne ne ba zai kama ƙafar mutum ba? Shi kaɗai nake tambaya.”

“Na haɗi. Lif yake kwanciya. Kuma shiru kike ji, mage ma ta fi shi ƙara.”

“Shi za a sa.”

Dogo ya ce, “Ki dai ɗan tsaya mu yi shawara. Ni ina ganin…”

“Ba kai ka wanke jinin ba,” ta ce.

Dogo ya ajiye guntun a hankali. Kafinta ya shiga neman fensirinsa a aljihu, alhali yana bayan kunnensa.

Kada a ga laifinta. Tsoro ne ya zaɓa mata, shi kuwa tsoro in ya nuna maka abu ɗaya sai ya rufe maka ido daga sauran.

Aka kai Baba gidan Yaya kafin a gama aiki. Kafinta da mutanensa suka ɓamɓare tsohon katakon suka jibge a ƙofar gida. Mai facin taya na bakin babban titi ya zo yana sosa ƙeya, ya ce ko za a ba shi 'yan kaɗan. Auta ta ce ya kwashe duka in yana so, ita ko ganinsu ba ta son yi.

Sabon ƙasan ya yi kyau, ba a cewa komai. Sumul, launin zuma, ba tudu ba gangare. Auta ta cire takalmi ta bi shi lungu-lungu tana jan ƙafa irin na Baba, ba abin da ya kama ta. Ranar ta ci abinci da yawa, rabon ta da haka tun kafin asibiti.

Sai Yaya ya dawo da Baba. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya tsaya. Ya ɗaga ta ya sake ajiyewa. Ya danna da ƙarfi. Sannan ya dubi bango, ya dubi hoton Mama, ya dubi kujerarsa, ya sake duban ƙasa.

“Gidan wa ne nan?”

“Gidanka ne, Baba. Ƙasan kawai aka gyara.”

Ya sunkuya ya cire takalminsa ya jera su a waje. Da ya shiga bai zauna a kujerarsa ba, gefen wata ya ɗosana, hannuwa a kan gwiwa. Auta ta kawo masa shayi, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya tambaye ta yaushe masu gidan za su dawo. Yaya ya ce zai saba. Dogo ma ya ce zai saba, amma bai kalle ta ba da yake faɗa.

Baba bai saba ba, ita ma Auta wani abu ya soma damun ta wanda ta rasa sunansa. Ta zauna a keke sai ta kasa ɗinka hannun riga ɗaya ba ta miƙe ba. Ta leƙa, yana nan zaune. Ta dawo, ta sake miƙewa. Gidan ya yi mata wani irin tsit, har motsin agogon kicin take ji. Wata rana tana zura zare a allura ta ji numfashi a wuyanta. Ta juya, ga Baba tsaye dab da bayanta, ba ta san tun yaushe ba. Allurar ta shige mata yatsa.

“Baiwar Allah,” ya ce a hankali, “in kin gama ki nuna mini hanyar gida. An bar yarinya ita kaɗai.”

“Wace yarinya, Baba?”

Ya dube ta kamar ita ce mai ruɗewa, ya juya ya fita. Ta bi ƙafafunsa da kallo. Suna tafiya a kan sabon katakon ba ko ɗan sauti, sai ka ce ba mutum ne ke tafiya ba. Tsigar jikinta ta tashi. Ta ce wa kanta gajiya ce.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa an wayi gari ana yi, sai bayan azahar ya ɗauke. Auta tana da rigunan 'yan makaranta da ta yi alkawarin gamawa, masu su sun kira ta har ta ji kunya. Ta ba Baba abinci, ta ga ya jingina yana gyangyaɗi. Ta ce wa kanta wannan tashi-zauna ya isa haka. Ai jikinta na ba ta, bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta zauna ta danna keke.

Ta gama riga, ta jawo wata. Ta gama, ta jawo wata. Aiki ya yi mata daɗi, har tana 'yar waƙa a ciki. Sai zare ya tsinke, keke ya tsaya.

Hon ɗin wata mota ta ji, ras, kamar a cikin falo. Ta ji muryar mai tallan kayan miya a layi. Iska mai sanyi ta taɓa mata idon sawu, ta ɗaga gefen yadin da ke ƙasa. Gidan da ƙofarsa ke rufe ba ya shigo da irin wannan iska.

“Baba?”

Kujera ba kowa. Ƙofa a buɗe take wangame, takalmansa babu.

Ta kwasa da gudu. A bakin ƙofa ƙafarta ta yi abin da ta saba, ta ɗaga ta tsallake wurin da ba komai a cikinsa yanzu. Kafin ƙafar ta sauka ta gane. Ba wani jiki da ke ba ta. Ba ido a ƙeya. Tsohuwa ce. Duk watannin nan kukan Tsohuwa ne ke ratsa rurin keke ya shiga kunnenta ya tsayar mata da ƙafa, ita kuwa ta bi ta sa aka ɓamɓare ta, har tana cewa ko ganinta ba ta son yi.

Ba takalmi, ba mayafin kirki, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Layin duk taɓo. Ta duba hagu, ba kowa sai wani kare a ƙarƙashin mota. Mai shago na tsaye yana sharce ruwa daga rumfarsa.

“Ka ga Baba?”

“Ya wuce ɗazu. Har ya gaishe ni da kyau, na ɗauka kin san…”

“Ta ina?”

Ya nuna da tsintsiya. Ta san inda zai nuna tun kafin ya ɗaga hannu.

Gudu take yi amma layin ya ƙi ƙarewa. Tana jin rugugin manyan motoci yana ƙaruwa, kunnenta kuma yana jiran abu ɗaya, ƙarar birki da ihun mutane. Duk taku ɗaya sai ta ce yanzu za ta ji. Addu'ar ma ta ƙi fitowa daidai, sunan Allah kawai take maimaitawa. Ta hango wani abu fari kwance a gefen hanya, ta ɗauka Baba ne. Buhu ne.

Da ta fito bakin titi ta gan shi.

Tsakanin jerin shaguna da kwalta akwai lambatu mai zurfi, ya fi tsayin mutum, yau kuma cike yake da ruwan sama, ja, yana gudu yana jan robobi da rassan itace. Mai faci ya ɗauki tsofaffin katakan gidansu ya gitta a kai, ya yi gadar da yake gangaro da taya. Guda huɗu ne ko biyar, a jere, ba abin riƙewa. A kan wannan gada Baba ke tsaye, can wajen ƙarshenta, taku ɗaya tsakaninsa da kwalta. Wata tirela ta wuce, iskarta ta kaɗa masa riga ta ɗan tura shi baya. Bai ko ɗaga kai ba. Ƙasa yake kallo, yana danna ƙafarsa ta dama, yana ɗagawa, yana dannawa.

Ƙiiiƙ. Ƙiiiƙ.

Cikin duk hayaniyar titin nan ta ji kukan Tsohuwa, ta kuma gane shi.

Mai faci ya taso yana goge hannu. “Uwargida, tun ɗazu nake masa magana ya ƙi saukowa. Bari in kamo shi.”

“Kada ka taɓa shi!” Ta faɗa ƙasa-ƙasa, tana riƙe masa riga. Ta san Baba. In baƙon hannu ya kama shi fizgewa yake yi da ƙarfin da ba ka zata ba. A nan kuwa in ya fizge gaba mota ce, in ya fizge gefe ruwa ne. Ko ihu ba ta isa ta yi ba.

Ta matsa bakin gadar. Katakan sun jiƙe, suna santsi, na gefe har ya fara ruɓewa. Ta daidaita muryarta da kyar.

“Baba, yau ba aiki. An ba da hutu.”

“Na sani,” ya ce, bai juyo ba. “Ai ina gida.”

“To zo mu shiga ciki.”

“A'a. Ina tsaron ƙofa.” Ya juyo ya dube ta, fuskarsa a sake, irin sakin da ba ta gani ba tun da ya dawo daga gidan Yaya. Ya rage murya. “Baiwar Allah, kina riƙe magana?”

“Ina riƙewa, Baba.”

“'Yar autata ta fara tafiya. Jiya na juya baya kaɗan, sai ga ta a bakin titi. Da kyar na cafko ta, motar har ta taɓa mini riga.” Ya danna katakon, ya yi kuka. “Shi ne na zare ƙusa ɗaya a nan. In ta taka zan ji, ko ina bayan gida. Kada ki gaya wa uwarta. Tana ta cewa in gyara. In ta san yarinyar ta kai titi, ba za ta ƙara samun barci ba.”

Auta ta toshe bakinta da hannu. Kuka ya taso mata, amma ba lokacinsa ba ne. Can sama ta hango wata tirelar tana gangarowa, ta rungumo gefen hanya tana kauce wa rami, tayoyinta na watsa ruwa. Baba ya ɗan ja da baya don ya nuna mata gurbin ƙusar. Diddigensa ya hau kwalta.

Ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Ta hau gadar. Katakan suka lotsa da nauyin mutum biyu, tana ganin ruwan na gudu ta tsakaninsu. Ba ta kama shi ba. Ta ɗaga ƙafar da ta shekara da shekaru tana tsallakewa, ta sauke ta a tsakiyar Tsohuwa da dukan nauyinta, ta nufi titi kamar za ta wuce shi.

Ƙiiiiƙ.

Hannu ya damƙe mata tsintsiyar hannu, damƙar da ta ji har cikin ƙashi.

“Auta! Ina za ki? Ba na hana ki ba? Akwai mota!”

Ya fizgo ta baya, ya sa jikinsa tsakaninta da titi, ya tura ta gaba. Tirelar ta wuce a bayansa da rugugi, ruwan taɓo ya watso musu har wuya. Bai saki hannunta ba. Haka ya ja ta suka sauka daga gadar, suka wuce mai faci da ya daskare da baki buɗe, suka shiga layi. Yana tafe yana faɗa, wai yarinya ba ta jin magana, wai wata rana sai ta kashe shi da tsoro. Ita kuwa tana biye, ba takalmi, hawaye na zuba, tana cewa, “Yi haƙuri, Baba, ba zan ƙara ba.”

Kafin su kai gida faɗan ya ƙare. Ya dubi hannun da yake riƙe da shi, ya dubi fuskarta, ya saki a hankali ya ce, “Sannu, 'yar nan.” A bakin ƙofa ya sunkuya zai cire takalmi.

Da Dogo ya dawo ta faɗa masa komai, tana jiran ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya daɗe yana kallon shatin yatsun Baba a hannunta, sannan ya ɗauki tocila ya fita. Da ya dawo, katako ɗaya ne a kafaɗarsa, duk taɓo.

Kafinta ya zo washegari, ya saurara, ya cire fensir daga bayan kunne ya mayar.

“Uwargida, bari in gane. In yanke sabon aikina, in fasa siminti, in sa sanduna, in ɗora wannan tsohon abin a kai.”

“Lif da sauran. Kada ya ɗaga baki ko kaɗan.”

“Sannan in bar ƙusa ɗaya ban buga ba.”

“Eh.”

“Da gangan.”

“Da gangan, Malam.”

“In wani ya tambaya wa ya yi muku aikin nan, don Allah ku ce ba ku san shi ba.”

Ya yi dai, yana yi yana mita. Ya busar da katakon, ya kankare shi, ya zaunar da shi daidai da na haɗin har Auta ta ja ƙafa a kai ba ta ji gaɓa ba. Launin ne ya ƙi haɗuwa, baƙi-baƙi a cikin ruwan zuma, duk wanda ya shigo sai ya tambaya.

Tsoron bai bar ta ba, kuma ta daina sa ran zai bar ta. Ta san katako ne kawai, ta san akwai ranar da zare ba zai tsinke a kan lokaci ba. Ta jawo keken ɗinkin daga ɗakin baya ta kafa shi a falo inda take ganin ƙofa. Wani lokaci Baba yakan tashi ya je ya tsaya a kan Tsohuwa, ya danna sau biyu, ya ce yauwa, ya koma kujerarsa, tasa ta ainihi, ya miƙe ƙafa.

Ita kuma ta daina tsallakewa. Ko shara za ta fitar sai ta taka da kyau, ta tsaya da hannu a kan ƙofa tana saurare. Yawanci ba ta jin komai sai agogon kicin. Amma wata rana, ba kullum ba, murya kan taso daga bayanta da ƙarfi, ta kira sunanta, ta ce ta dawo ciki akwai mota. Sai ta ajiye kwandon sharar a nan bakin ƙofa ta dawo.